Fensirin Malam Bawa: Kwana Huɗu da Laftof a Ƙaura, Shinkafi da Zurmi

Mun tashi da asuba ranar Litinin, amma sai da rana ta ɗaga muka bar Gusau. Direbanmu ya ce ba zai sa taya a hanyar Ƙaura Namoda ba sai motar farko ta iso daga can, ya ji daga bakin mai ita yadda hanya ta kwana. Haka muka tsaya a bakin tasha, ni da shi muna shan shayi a tsaye, abokiyar aikina na cikin mota tana jan carbi. A but ɗin motar kuma laftof goma sha biyu ne, mun naɗe su da barguna kamar masu safarar ƙwai.

Ga wanda bai san ni ba, ina da ɗan shagon gyaran kwamfuta da koyar da ita a Gusau. Abokiyar aikin nawa ita ke riƙe ajin mata. Wata ƙungiyar malaman firamare ce ta neme mu, domin an sanar da su cewa jarrabawar ƙarin girma ta bana a kwamfuta za a yi ta, alhali da yawansu ba su taɓa buɗe laftof ba. Wanda ya faɗi sai wani zagayen, kuma akwai waɗanda ritaya za ta riga zagayen zuwa. Aikinmu bai wuce abu uku ba: mu nuna musu yadda ake taɓa gilashin kwamfutar da yatsa, yadda ake shafa ɗan faifan nan mai santsi da ke motsa kibiya, da yadda ake danna maɓallai.

Hanyar Ƙaura ba ta da nisa, ramuka da shingayen jami'an tsaro ne ke tsawaita ta. An yanke gero a yawancin gonaki, an jera dammuna, amma dawa na nan tsaye ta fi mutum tsawo. A da idan na ga dawa haka daɗi nake ji. Yanzu da mun shiga tsakanin gonaki biyu sai direba ya kashe rediyo, kowa ya yi shiru har mu fita fili. A wani shinge soja ya sa muka buɗe but. Da ya ga laftof jere, ya tambaye ni ko zan iya cire masa wani abu da ke cinye masa data a waya. Na cire, ya ɗaga mana sandar shingen har da sara mana.

A Ƙaura, an ba mu aji guda a wata makaranta da ba ta da nisa da tsohuwar tashar jirgin ƙasa. Malamai sun fi talatin, don haka mutum uku-uku suka raba laftof ɗaya. Nan na sake ganin abin da na saba gani. Masu wayar shafe ba su sha wuya da gilashin ba, sai dai suna danna shi da ƙarfi har murfin ya koma baya. Faifan ne ya ba su aiki. Wani malami ya shafa, kibiya ta gudu can kusurwa ta ɓace, ya ɗaga laftof ɗin yana leƙa ƙarƙashinta. Wata malama kuma ta riƙa hura wa faifan iska tana goge shi da gefen hijabi, wai datti ne ya hana kibiya tafiya daidai. Tun kafin azahar suka raɗa mini suna Injiniya, kuma sunan ya riga ni isa sauran garuruwan.

Abincin rana tuwon dawa ne da miyar kuka mai man shanu, a wata rumfa kusa da kasuwa. Kwanon ya fi na Gusau cika, kuɗin kuma bai kai ba. Amma kuɗin mota da na fetur sun sa kowa na ƙorafi. Malamai biyu suka gaya mini a kan babur ɗaya suka zo daga ƙauyensu, na ukunsu ya haƙura ya zauna a gida.

Talata da hantsi muka kama hanyar Shinkafi, muna bin bayan wasu motocin haya uku, domin ba wanda ke son tafiya shi kaɗai. Mun ratsa Moriki, inda direba ya tsaya ya sayi hoce, wainar dawar nan mai ɗan tsami, ya ce ita ce abincin matafiyi tun da ba ta lalacewa. Abokiyar aikina ta gutsura sau ɗaya ta ce lallai ba ta lalacewa, haƙori ne ke lalacewa. Bayan Moriki akwai wurin da muka ga gidaje babu rufi, ciyawa ta fito a tsakar gida.

A Shinkafi wata makarantar firamare muka sauka. Babu wuta, sai janareton da hedimasta ya aro, wanda ƙararsa ta sa dole in riƙa ɗaga murya. Na fara yadda na saba: kowa ya ɗora yatsa ɗaya a faifai, ya kai kibiya kan hoton kwando da ke kusurwa. Kowa ya duƙufa, ban da wani dattijo a bencin ƙarshe. Siriri ne, da furfura a gemu, da babbar riga mai ruwan toka wadda aka goge ta tsaf. Hannuwansa na cikin rigar. Mutum biyun da ke raba laftof da shi sun yi nasu, sun tura masa gabansa, ya dube ta kawai.

Na zagaya sau biyu ina ganin sa. Na ɗauka irin dattawan nan ne da ke ganin ƙasƙanci ne yaro ya koya musu abu. Ga zafi, ga ƙarar janareto, sai bakina ya riga tunanina.

"Malam na baya, ba ta cizo fa. Ko sai an yi mata sallama tukuna?"

Mutum biyu ko uku suka yi dariya, baƙi daga wani yanki. Sauran ajin suka sunkuyar da kai. Dattijon ya ɗago ya dube ni ba tare da fushi ba.

"Ci gaba da karatunka, Injiniya. Ina saurare."

Da aka tashi sallar azahar, hedimasta ya ja ni gefe bayan aji. Ya ce, "Ba ka san Malam Bawa ba, shi ya sa. Daga Badarawa yake, shekara talatin yana koyar da Hausa da lissafi. Bara waccan 'yan bindiga sunka ɗauke shi a gona. Kwana da kwanaki hannuwanai na ɗaure ta baya da igiya. Da anka sako shi, na hagu ya mutu, na dama kuma yatsun sun lanƙwashe, ba ya jin komi da su. Alli ma ba ya riƙuwa. Wani malami ka rubuta mai darasi a allo da sahe, shi kuma ya koyar da baki."

Na yi alwala na yi salla, amma Allah Ya sani hankalina na kan maganar da na yi.

Bayan salla na same shi a ƙarƙashin dalbejiya, an kawo masa fura a kofi, ya tallafe shi da tafin hannu da ƙirji. Na tsuguna na gaishe shi, na ce, "Malam, na yi maka rashin kunya a gaban mutane. Ka yafe mini."

Ya ce, "Ba komi, ɗana. Kai ba ka gani ba, ni kuma ban nuna ba."

Ya ce in sa hannu a aljihun rigarsa in ciro takarda. Wasiƙa ce ta neman ajiye aiki, ɗiyarsa ta rubuta masa. Ya ce ba don koyo ya zo ba, ya zo ne ya miƙa ta ga wakilin ƙungiya. Shekara uku suka rage masa, kuma ƙarin girman nan ne zai gyara masa fansho, amma ya ce gara ya tafi da mutuncinsa da ya zauna gaban na'ura a ɗakin jarrabawa yara na kallon sa ya kasa.

Na roƙe shi ya ba ni daga la'asar zuwa magariba kafin ya miƙa. Ya yi ɗan murmushi ya ce takardar ba ta sauri.

Da aka watse muka zauna mu uku a ajin, ni da shi da abokiyar aikina. A lokacin ya fito da hannun. Akwai zoben tabo a wuyan hannu, yatsun huɗu sun naɗe cikin tafi, babban yatsa ne kawai ke ɗan motsi. Muka fara da faifai. Da ya ɗora hannu, gaɓoɓi biyu ko uku ke taɓawa lokaci guda, shafin ya yi ta gudu sama da ƙasa, shi kuma ba ya jin ya taɓa ko bai taɓa ba. Muka koma gilashi. Na ce ya ƙwanƙwasa da gaɓar yatsa kamar mai buga ƙofa. Wannan ya ɗan yi, har ya buɗe tambaya ta farko a manhajar gwajin da muka zo da ita. Amma da'irorin amsa ƙanana ne, yana nufin B ya samu C, kuma bayan tambaya biyar kafaɗarsa ta gaji da ɗaga hannu. Ya sauke ya ce, "Ka gani ko?"

Ni dai dabarata ta ƙare. Abokiyar aikina ce ta buɗe jakarta ta ciro fensir mai roba a gindi, ta naɗe tsakiyarsa da hankici har ya yi kauri, ta ce, "Baba, damƙe wannan kamar muciya." Ta sa masa a cikin yatsun da suka naɗe, robar na kallon ƙasa. Fensirin ya zauna daram.

Sai na tuna da abin da na sani tun tuni amma ban cika koyarwa ba, wato manhajar na karɓar umarni daga maɓallai kaɗai. A, B, C ko D don zaɓen amsa, N don tambaya ta gaba, P don komawa baya. Ba kibiya, ba shafa. Na kashe faifan gaba ɗaya don kada gefen hannunsa ya riƙa taɓa shi. Ya sauke fensirin kan B, amma da yake ba ya jin nauyin hannunsa, ya danne shi ya daɗe. Na shiga saiti na sa kwamfutar ta daina maimaita harafi idan an riƙe maɓalli. Ya sake dannawa. Da'irar B ta cika. Ya nemi N da ido, ya danna, tambaya ta biyu ta fito.

Ya karanta, ya danna, ya karanta, ya danna. Tambayoyin ba su ba shi wahala ko kaɗan ba, har ya tsaya a wata ya ce wanda ya tsara ta bai iya lissafin kashi ba, kuma da na duba, gaskiyarsa ne. Matsalar ita ce lokaci. Agogon gwajin ya cika yana tambaya ta goma sha bakwai cikin arba'in, domin kowane harafi sai ya neme shi.

"Gobe ina kuka nuhwa?" ya tambaya.

Na ce Zurmi, kwana biyu.

"Akwai wuri a motarku?"

Washegari da safe yana bakin masaukinmu da ƙaramar jaka a rataye. Ya aika gida an shaida wa iyalinsa. Direbobi suka ce mu koma ta Ƙaura mu ɗauki hanyar Zurmi, ta fi kwanciyar hankali, duk da zagaye ne. Muka ba shi gaban mota. Abokiyar aikina ta zana masa maɓallan a murfin kwali, ya ɗora a cinya yana bi da fensir, direba na kiran haruffa kamar mai kiran fasinja. Da muka zo daidai wata fadama kafin Moriki, ya ajiye fensirin ya dubi taga, leɓɓansa na motsi. Bai sake ɗaukar fensirin ba sai da muka shiga gari. Ba mu tambaye shi ba.

Zurmi ta tarbe mu da rana mai zafi da kankana mai arha. Guda ɗaya ta ishe mu mu huɗu har muka ba mai gadin makaranta. Yawancin waɗanda suka zo mata ne, wasu daga Gurbin Bore, sun kwana a gidajen 'yan uwa don kada su yi sammako a hanya. Wannan karon, kafin in ce kowa ya taɓa komai, na zagaya ina gaisawa ina duban hannuwa. Na ga wata mai ciwon sanyin gaɓoɓi, da wani malami da noma ya sa fatar yatsunsa ta yi kanta har gilashin ba ya jin taɓawarsa sai ya jiƙa yatsa. Da can sai in ce masa ya ƙara gwadawa kawai.

Malam Bawa ya zauna a bencin gaba, hannunsa a waje, fensir a damƙe. Da farko ana satar kallon sa, daga baya aka daina. Na ware masa laftof ɗaya shi kaɗai, ba wanda ya yi gunaguni. Gwajin farko ya kai tambaya ashirin da shida. Na biyu talatin da uku. Kafin la'asar na juyo na tarar malamai mata huɗu sun kewaye shi, yana ce wa mai ciwon gaɓoɓin, "Bar wahal da kanki da kibiyag ga, Malama. Ga N nan ƙasa, kusa da M. Danna sau guda ki ɗauke hannu." Muryarsa ta canza, ta koma ta mai aji. Na ja baya na bar masa su.

Alhamis da safe ya gama arba'in ɗin, da saura minti biyu. Ya jingina da benci yana haki kamar wanda ya yi noma. Sai abokiyar aikina ta kawo maganar da ni ban yi tunaninta ba: ranar jarrabawa ba lallai a bar shi ya shiga da fensir ba, kuma ba lallai a yarda a taɓa saitin kwamfutar ba. Dole a rubuta wa masu shirya jarrabawar tun yanzu, a haɗa da takardar asibiti. Ta jawo laftof za ta rubuta.

Ya ce, "A'a, ɗiyata. Buɗe min wurin rubutun."

Na nuna masa yadda zai danna Shift sau biyar, kwamfutar ta riƙa riƙe masa shi, don ya iya yin babban baƙi da hannu ɗaya. Na nuna masa maɓallin gogewa da na sauka layi. Wasiƙar layi shida ce da Turanci, ta ci kusan awa guda. Direba ya leƙo sau uku yana nuna mini agogo, a na huɗun ya shigo ya zauna. Da Malam ya kai ƙarshe ya rubuta sunansa, ya daɗe yana kallon gilashin.

"Shekara biyu ke nan ban ga sunana da hannuna ba," ya ce.

Muka buga ta a wani shago mai sola kusa da tasha, ya dangwala babban yatsa. Ɗaya takardar kuma, ta ajiye aiki, ya ce in ciro ta daga aljihunsa in ba direba ya naɗe sauran hocensa.

A Ƙaura muka rabu, a tashar motocin Shinkafi. Da yake ranar kasuwar can ce, motoci na ta cika. Ina da wani tsohon kibod, wato allon maɓallan kwamfuta, a but wanda nake tafiya da shi saboda ko-ta-kwana, na ba shi ya riƙa motsa hannu a gida, tun da babu kwamfuta a makarantarsu. Ya saƙale shi a hammata, wayar kibod ɗin na reto, ya yi mana addu'a mai tsawo, har da iyayenmu. Yaran mota na ta tambayar sa ko rediyo ne.

Mun shigo Gusau ana kiran la'asar, laftof goma sha biyu lafiya, mu ma lafiya, alhamdu lillahi. Hanyar na buƙatar addu'a da haƙuri, kuma duk mai niyyar bin ta ya ji shawarar direbobi, kada ya yi gaban kansa. Mutanen can na cikin wahalar da mu na birni ba mu san rabinta ba, amma sun zo da tsabtatattun kaya da littafin rubutu, wasu da yunwa, don su koyi motsa kibiya. Ni kuwa shekara goma sha ɗaya ina koyar da kwamfuta hanya ɗaya: faifai tukuna, sannan sauran. Ban taɓa tambayar kaina me ya sa aka yi wa na'urar ƙofa uku ba. Na je koyar da gilashi da faifai da maɓallai, na dawo na san cewa kafin in buɗe laftof, mutumin da ke gabanta ya kamata in fara dubawa, kuma in riƙe bakina har sai na gani.

Shekaranjiya da hantsi ina shago waya ta yi ƙara. Malam Bawa ne, ɗiyarsa ta kira masa. Ya ce an karɓi wasiƙar, an yarda ya shiga da fensirinsa, jarrabawa sati mai zuwa. Na yi masa fatan alheri, ina shirin sallama, ya ce in dakata yana da ƙorafi.

"Injiniya, na bi maɓallan nan ɗaya bayan ɗaya, ban ga ƙa mai lanƙwasa ba, ban ga ɗa ba, ban ga ɓa ba. In an gama jarrabawa ina son in rubuta ma 'yan aji huɗu darasin Hausa da kaina. Ba ni rubuta musu kasa inda ni ka nuhin ƙasa."

Na ce akwai yadda ake yi, sai dai sai na zo da laftof na nuna masa.

Ya ce, "To, yaushe?"

Na jawo kalanda.